Motar Yaya a Kan Layin Dogo

A Arlit babu jirgin ƙasa, kuma ni har furfura ta fara fito min ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Amma na taɓa ɗora mota a kan layin dogo ta yi tafiya, a rumfar gidan yayana, kuma har gobe ina bugun ƙirji da wannan aiki.

Ni mai gyaran wutar mota ne. Yaya ne ya kawo ni garin nan daga Damagaram, shi ya kai ni koyon sana'a, lokacin yana tuƙa bas ɗin da ke kai ma'aikata bakin ramin haƙar ma'adinai a Akokan. Da aka rufe ramin, bas ta tsaya, shi ma ya tsaya. Abokansa wasu suka koma gida, wasu suka nufi haƙar zinariya. Shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a rumfa: daga masallaci sai tabarma, daga tabarma sai masallaci. Mutumin da a da in ya yi dariya har maƙwabta ke ji, ya koma amsa magana da ka. Na ga yana ramewa a zaune, na ji tsoro ƙwarai.

Garejina ba ya rasa aiki, ina ma neman wanda zai riƙa gwada mota bayan gyara. Amma ta yaya ƙane zai buɗe baki ya ce wa wansa ya zo ya yi aiki a ƙarƙashinsa? Na taɓa kewaya maganar a gabansa. Ya dube ni ya ce, "Auta, har lalacewar tawa ta kai nan?" Ban ƙara ba.

Wata rana a kasuwa, cikin tarkacen da masu barin gari ke sayarwa, na ga kwali cike da guntayen layin dogo na wasa, da ɗan akwatin da ke ba su wuta, mai maɓallin murɗawa. Babu kan jirgi, babu tarago. Na saya, don na tuna da wata ƴar mota ta ƙarfe da ke cikin kabad ɗin matar Yaya, tsakanin kwanukan ado. Fara ce, irin ta shiga sahara, ba ta fi tafin hannu ba. Wani anasara ne ya ba Yaya ita da zai koma ƙasarsu.

Tsakanina da matar Yaya akwai wasa, kamar kowane ƙanen miji. Da na roƙi motar ta ce, "Kai mijina, da gemunka za ka koma wasan yara? To, in ka ɓata min ita, ta gaske za ka biya."

Na ce mata yashi ya yi yawa a gareji, a rumfarsu zan yi aikin kullum bayan la'asar. Yashin gaskiya ne, amma ba shi ya kawo ni ba. Na baje kayana dab da tabarmar Yaya, inda ko ya ƙi ko ya so sai ya gani.

Na huda ƙusoshin ƙasan motar, na raba ta biyu, na cire tayoyin roba. Wani abokina mai injin fiƙe ƙarfe ya fiƙe min ƙafafu na tagulla, kowace da ɗan leɓe ta ciki don ta kama layi. Na sa zarto na yanke kujerar baya, na zaunar da ɗan injin da na ciro daga tsohon rediyon kaset, na haɗa shi da sandar ƙafafun baya da zoben roba. Yaya dai carbinsa kawai yake ja.

Sai wuta, fagena ke nan. A mota, waya ɗaya ke kai wuta, jikin motar ya maido ta. Mas muke ce masa, kuma shi aka fara koya min, da rankwashi. Haka na yi wa ƴar motar ba tare da ko tunani ba. Na ɗora ta a layi, na kira matar Yaya ta zo ta ga ikon Allah, na murɗa maɓalli. Tartsatsi ya tashi, akwatin ya yi gurnani, warin ƙonewa ya cika rumfa, mota ko motsi. Matar Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Sannu injiniya!"

Ban karaya ba, kura ta san gidan mai babbar sanda, ni ma wuta ta san ni. Na zauna na bi hanyarta da ido, sai na gane. Layin nan guda biyu ne: ɗaya ke kawo wuta, ɗaya ke maido ta, jikin mota ba shi da hurumi a ciki. Sandar ƙarfen da na sa ta haɗe su kai tsaye. Na yanke kowace sanda biyu, na haɗa ta da bututun roba na biron bik, na naɗe injin da roba, na sa siririyar waya tana shafar ƙafafun kowane gefe. Da na sake murɗawa, mota ta zabura ta miƙe ɗoɗar. Daɗi ya kama ni har na yi kabbara.

Tana isa kwana ta kife. Na tayar da ita, ta sake kifewa. Hannuna hannun mai wuta ne, a kunne ko a kashe kawai ya sani. Ina durƙushe ina ɗaukar ta sai idona ya faɗa kan ƙafar Yaya ta dama. Duk lokacin da motar ta doshi kwana, ƙafar sai ta danna tabarma. Birki yake takawa.

Daga nan da gangan na riƙa ƙure maɓallin. Mota ta yi ta wuntsilawa, har ta faɗa cikin kwanon ruwan kaji.

"Kai!" Muryar da na daɗe ban ji ba ta cika gidan. "Wa ya ba ka permin tuƙi? Kawo nan!"

Ya matso ya karɓe akwatin daga hannuna. Ya ce, "Kafin kwana ake rage wuta, ba a cikinta ba. Da mutane ka ɗauko, ai da ka gama da su." Ya murɗa a hankali. Mota ta taho, ta lafa, ta sha kwana sumul, ta sake miƙewa. Ya zagaya da ita, ya sake zagayawa. Matar Yaya na tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, wannan karon ba ta yi dariya ba, idonta ya kawo ruwa.

Ya ɗaga motar ya auna ta a tafin hannu. "Gabanta ba nauyi, ka tara komai a baya. A sa mata dalma a hanci. Kuma ƙasar nan ba daidai take ba, a kan tebur ake wannan."

Na ce, "Tebur sai gareji, Yaya."

Ya mayar da motar kan layi. Can ya ce, "In haka kake tuƙa motocin mutane bayan ka gyara, bai kamata a bar ka kai kaɗai a wurin nan ba."

Na sunkuyar da kai na ce gaskiya ne, kuskure ba ya ƙare min.

Washegari da safe na iso gareji a kan babur, sai na hango mutum tsaye a bakin ƙofa, riga a goge, hula a karye. Ban gama gaishe shi ba ya ce, "Sai rana ta fito haka kake buɗe wurin aiki? Ba ni makulli."

Na miƙa masa da hannu biyu.