Littafin Yaya da Ba Shi da Lamba

Tsufa ya fara kwashe mini sunayen jikokina, amma akwai safiyar da ba zai iya kwashewa ba har in koma ga Allah: safiyar da na sayi ƙosai a Utako na kasa ci.

Shekara ashirin da shida na yi ina jera littattafai a wani ɗakin karatu a nan Abuja. A aji huɗu na firamare na tsaya, amma babu farfesan da ya kai ni taɓa littafi. Karantawa ce kawai ban yi ba. Ƙurarsu kuwa na shaƙa har na cancanci digiri.

Gab da ritayata aka kawo mana sabuwar shugaba, wata Dakta da ta karanci falsafar aikin. Ta tara mu ta ce ɗakin karatu ba ɗan ba-ruwana ba ne. Duk littafin da ka gani a jere, wani ne ya yanke cewa ilimi ne. Wanda babu kuma, wani ne ya toshe masa baki. "Ina ilimin manomi? Wa ya ce sai abin da Bature ya buga?" Na tafa har hulata ta faɗi.

To ina da littafi a gida. Yayana marigayi ya rubuta shi da ajami: sunayen ƙauyukan da aka tasa lokacin gina birnin nan, rijiyoyinsu, da inda aka binne iyayenmu kafin kwalta ta hau kansu. Shi kaɗai ne a duniya. Matata ta ce, "Malam, bar shi a akwati." Na ce, "Ke me kika sani a falsafa?"

Dakta ta karɓa da hannu biyu, har idonta ya kawo ruwa. "Baba, wannan taska ce." Ta miƙa wa jami'in da ke ba littattafai lamba. Ya juya shi gaba da baya.

"Baba, wace maɗaba'a ta buga?"

"Maɗaba'ar tabarma, gindin mangwaro."

"Wace shekara?"

"Shekarar da akuyarmu ta haifi uku."

Bai yi dariya ba. "Ranki ya daɗe, kwamfuta ba za ta karɓa ba. Sai kwamiti ya zauna."

Aka sa shi a kwali, aka kai sito. Kwamiti bai zauna ba. Aka yi wa Dakta canjin wurin aiki, ni kuma na yi ritaya. Na so in karɓo abina, sai na ce wa zai fi hukuma iya ajiya?

Na manta dokar gidan, ni da na tsufa a cikinta. Littafin da ba shi da lamba ba a jera shi, wanda ba a jera ba ba a aronsa, wanda aka daɗe ba a ara ba kuwa a fitar da shi a ba masu kwasar tsofaffin takardu. Da kaina na sha kinkimar kwalayen nan zuwa bakin ƙofa, ban taɓa leƙa ciki ba.

Ran nan mai ƙosai ta naɗe mini a takarda ta miƙo. Kafin in kai hannu na gane rubutun Yaya, yadda yake jan wutsiyar harafi kamar ba zai daina ba. Sunan ƙauyen mahaifiyarmu ne, ya jiƙe da mai.

"Mama, ina sauran takardar nan?"

"Baba, ya ƙare tun jiya. Takarda mai kyau ne, yana shan mai sosai."

Na zube ƙosan a hula na kawo shafin gida. Matata ta duba, ta buɗe akwati ta saka, ta rufe. Da ma zagina ta yi.

Littafin Yaya dai ya shiga hannun jama'a fiye da na kowane farfesa. Abin da na koya shi ne, gidan da ke adana ilimi shi ne ke zaɓen wanda zai mutu, kuma ba sai da mugu ba; rashin gurbi a fom ya isa. Yanzu in jikokina sun tambaye ni inda kakanninsu ke kwance, titi nake nuna musu. Shi ma ban tabbata wanne ba.