Kalolaine da Ɗakin da Babu Shi a Taswira

Kalolaine Fifita ta tare a layinmu ne a shekarar da mangwaro ya yi 'ya'ya har aka rasa mai karɓa kyauta. Shingen waya ne kawai tsakanin gidanta da nawa, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, sauran kuma daga bakinta na ji.

'Yar tsibirin Tonga ce, amma tun tana budurwa ta baro gida. Ta yi tsinkar tumatir a gonakin arewa, ta yi aiki a mahauta har sanyin wurin ya kama mata yatsu, daga baya ta samu aikin girki a wani gidan kula da tsofaffi a nan garinmu Ipswich, ta zauna. Mijinta ya rasu tun 'ya'yansu suna firamare. Ita ta rene su a gidajen haya, yau nan gobe can, duk sanda mai gida ya ga damar sayarwa. Doguwa ce mai jiki, dariyarta har bakin titi ake ji, amma ba ta yarda a ga hawayenta.

Gidan da ta saya irin namu ne, na katako a kan dogayen ginshiƙai, sai an hau matakala. Abin da ya bambanta shi, an zagaye ƙasan da bulo an fitar da ɗaki da banɗaki. Wannan ɗakin ne ya sa ta sayi gidan. Mahaifinta, Baba Manase, ya dawo hannunta bayan rasuwar mahaifiyarta, gwiwoyinsa kuma sun daina jituwa da matakala. Ranar da suka tare, tsohon ya shiga ɗakin da sandarsa, ya shafa bango, ya ce, "Kalo, yau kin sauke ni daga kan hanya."

Mai gidan na da, Zvonko Baric, mutumin Kuroshiya ne, mai aikin walda, mun daɗe muna maƙwabtaka. Shi ya gina ɗakin da hannunsa a ranakun hutu, lokacin da matarsa Ljerka ta samu shanyewar ɓarin jiki. A ɗakin ta ƙare rayuwarta. Da tsufa ya cim masa sai ya sayar, ya koma wurin 'yarsa.

Baba Manase ya ji daɗin ɗakin nan. Ya shuka gwaza a bakin ƙofa, da yamma abokansa na coci su zo su baje tabarma suna shan kava, abin shansu na gargajiya, suna waƙa ƙasa-ƙasa.

Abin mamaki, bin doka ne ya tono maganar. Kalo ta so ta yi rumfa a gaban ɗakin saboda ruwan sama, ta ce ita ba za ta kafa ko ƙusa ba sai da izini. Ƙaramar hukuma ta turo mai duba gine-gine. Mutumin ya dubi taswirar gidan da ke hannunsa, ya dubi bangon bulo, ya sake duban taswirar.

"Baiwar Allah, wa ya gina wannan?"

"Haka na saye shi."

"A wurinmu babu ɗaki a nan. Fili ne da ginshiƙai."

"To ga shi kana gani da idonka," in ji Kalo tana dariya. "Har da tsoho a ciki."

Shi bai yi dariya ba. Ya auna silin ya ce ya gaza da kusan taƙi guda. Wayar lantarki ba mai lasisi ne ya ja ta ba, bututun banɗaki kuma an haɗa shi inda bai kamata ba. Ga daɓen yana ƙasa da inda ambaliya ke kaiwa. Ya yi mata magana da ladabi, amma ya ce ba za a bar mutum ya ci gaba da kwana a ciki ba. Ko dai a ɗaga gidan gaba ɗaya a sake ginin ƙasan bisa ƙa'ida, ko a rushe.

"Amma ba ni na gina ba."

"Na sani. Sai dai mu mai gida muka sani, yau kuma ke ce mai gida."

Ta tafi wurin lauyan da ya yi mata cinikin. Ya tuna mata cewa ya ba ta shawarar a bincika takardun ginin a ƙaramar hukuma kafin ta sa hannu, ita kuwa a lokacin tana tsoron kada wani ya riga ta, ta ce a wuce wurin. Ya ce ana iya maka Zvonko a kotu, amma sai an nuna ya yi mata ƙarya, shi kuwa ba wanda ya tambaye shi balle ya yi ƙarya. Shari'ar za ta ja, kuma ba tabbas.

Ƙanenta Folau, direban babbar mota, ya zo yana huci. Ina shanya na ji su ta shinge.

"Yaya, ke dai kin cika sanyi. Tsohon nan ya sayar miki da kura da fatar akuya. Ba ni adireshinsa."

"Ka je ka yi masa me? Ka taka shi da tirela?"

"In gaishe shi kawai."

"Gaisuwarka na sani. Zauna ka ci rogo, kai da ko kejin kaji ba ka iya kafawa daidai."

Ita ta je da kanta, ta roƙe ni in raka ta tunda na san shi. Ita ta tuƙa mu. Mun tarar da Zvonko a bayan gidan 'yarsa yana ɗaure tumatir, ya rame. Da ta gaya masa abin da ya kawo mu sai ya murtuke fuska.

"Ɗakin nan ya fi gidan ƙarfi. Ambaliya ta shige shi ta fita bai tsage ba. A zamaninmu kowa haka yake yi, wa ke zuwa neman izini?"

"Baba, ban zo musun ƙarfinsa ba. Na zo in ji ko ka san babu izini ranar da ka sayar mini."

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa.

"Na sani," ya ce. "Tun farko na je na tambaya, suka ce sai na ɗaga gidan. Ljerka tana asibiti, an ce in zo in ɗauke ta, ni kuwa ba zan iya hawa da ita sama ba. Sai na gina. Da na zo sayarwa na ce a raina, wa zai tono abin da ya daɗe haka?"

"Ka ga mahaifina da sandarsa ranar da muka zo duba gidan."

"Na gan shi."

Ta miƙe muka fito. A hanya ta ce mini, "Ƙawata, da ya yi mini ƙarya da na ji sauƙi. Yanzu ina jin haushinsa, kuma na san da ni ce a matsayinsa da na gina."

Ba ta kai ƙara ba. Ba wai ta yafe ba ne a lokacin, ta dai auna ta ga ba ta da ƙarfin shari'a, ba ta kuma da na ɗaga gida. Abin da ya fi yi mata nauyi shi ne gaya wa mahaifinta. Tsohon ya saurara har ta gama, ya ce, "To, a gida ma guguwa takan ɗauke ɗaki, ba a kai ta ƙara. Ku dai bar mini gwazata."

Ranar rushewa wata Asabar ce. Ta ɗauko magini mai lasisi, mazan cocinsu suka zo taya shi kwasar bulo, mata suka naɗe naman rago a ganyen gwaza da madarar kwakwa suka turara. Ana shirin farawa sai ga Zvonko a motar 'yarsa. Ba wanda ya gayyace shi. Folau ya ajiye guduma ya nufo shi, Kalo ta ce, "Folau!" sau ɗaya, ya tsaya.

Zvonko ya ce wa maginin, "Kada ku fara ta nan, akwai waya a cikin bangon. Bari in nuna muku inda na bi da ita." Ya zagaya da alli yana yin alama. Da ya gama ya rasa inda zai sa kansa. Baba Manase ya buga kujerar da ke kusa da shi da sanda, alamar ya zo ya zauna. Suka zauna tare suna kallo ana sauke bangon, wanda ya gina da wanda aka fitar. Turancin kowannensu bai taka kara ya karya ba, ban ga sun yi wata hira ba. Da aka sauke abinci Kalo ta zuba wa Zvonko ta miƙa, ba ta dube shi ba.

Baba Manase ya koma saman gidan. An sa masa kujerar lantarki mai hawa da shi matakala, wannan karon da takardar izini, ya ce shi ba kaya ba ne da za a riƙa loda shi, sai da ya yi fushinsa ya gaji sannan ya yarda. Abokan kavansa suka rage zuwa, don su ma gwiwoyin ba su da kirki. Bai taɓa yi wa Kalo ƙorafi ba, amma ta san ya yi rashi. A saman ya zauna har Allah ya karɓi abinsa.

Zvonko ya riga shi rasuwa. Kalo ta je jana'izar, ta tsaya daga baya, ta dawo ta wuce wurin aiki.

Yanzu ta yi ritaya. Duk wanda zai sayi gida a cocinsu sai an turo shi wurinta, ta zaunar da shi ta ce, "Kafin ka ƙyasa labule, je ka tambayi hukuma abin da ta sani game da gidan." Folau yana tsokanarta wai ko igiyar shanya za ta ɗaura sai ta nemi izini.

Na taɓa tambayarta ko tana nadamar ƙyale Zvonko. Tana tankaɗe garin rogo a lokacin, ba ta ɗago ba.

"Wata rana ina yi, wata rana ba na yi," ta ce. "Miƙo mini kwanon can."