Malam Abarshi Fita da Man Jar Mota

Ranar Talata, 11 ga Maris, 1958, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abarshi Fita, makaniken motoci, a gidansa da ke Birnin Gwari, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma.

Malam, ba ka taɓa zuba wa inji mai ba sai ka murza shi tsakanin yatsu, ka shinshina. Direbobin Ikko da ke yada zango a garinmu suna maka ba'a, wai kai ne mai ɗanɗanon miyar mota, amma ba wanda ke shiga daji sai ka saurari injinsa. Shi ya sa Baturen haƙar zinariya, da zai tafi hutu, ya bar maka jar motarsa mai kujera biyu, wadda ba ta da sa'a wajen gudu. Ita ba ta shan baƙin mai irin na sauran motoci, sai wani da ake yi da man zurma, mai zuwa a gwangwani daga Ingila. Kowace safiya kakan tada ta, ka bar ta ta ɗumama kafin ka taɓa totur.

Da daminar shekara huɗu da suka wuce, maciji ya sari 'yata Furera a gona. Babu wata mota a gari sai ita, ga shi man da ke cikinta ya yi ƙasa, gwangwanayen sun ƙare. Na rugo da galan na man manyan motoci, na ce ka ƙara mata mu tafi. Ka ƙi.

"Malam Jumare," ka ce, "in aka gauraya su, dunƙulewa suke yi kamar ƙaro. Ka fi son motar ta mace mana bayan Buruku, inda ba kowa sai birai?"

Na ce maka motar Bature ta fi maka ran 'yar Musulmi. A gaban jama'a na faɗa. Ba ka ɗago ba, sai ka ce, "Riƙe mini kwanon nan." Ka tsiyaye tsohon man kaf, ka wanke cikin injin, sannan ka zuba nawa. Kusan awa guda aka yi, ƙafar yarinya tana ta kumbura.

Na rungume ta a cinya, ka ja mota. Motar da ke iya tashi kamar tsuntsu, ka hana ta gudu, don man ba nata ba ne. Sau biyu ka tsaya ka duba awon mai, ina huci. Kafin la'asar muna asibitin Kaduna. Furera tana nan, bana ta sauke Alƙur'ani.

Da Baturen ya dawo, kai da bakinka ka gaya masa, ya karɓe makullin, ka koma gyaran kekuna da injin niƙa. Ko sau ɗaya ba ka tada mini zancen ba. Ni kuwa na yi ta godiya, amma waccan kalmar ban taɓa janye ta ba, kullum ina cewa sai gobe. A gaban mutane na faɗe ta, a gabansu nake janyewa. Ka yafe mini, Malam.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba maiɗakinka Azumi da 'ya'yanka, Haruna da Ladi, haƙurin rashinka. Mu kuma Ya kyautata ƙarshenmu, amin.