Yadda Hammawa Ya Raba 'Ya'yansa a Shekarar Sanƙarau

Duk wanda ya saba shiga kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san Hammawa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai malafa da ke tsayawa a bakin tirela in ana lodin shanun da za a kai Kudu. Bijimin da ya gagari samari, sai ya matsa ya dafa masa tozo, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, sai ka ga ya hau. Shanun ba nasa ba ne. Nasa sun ƙare tun shekarun da ciwon bushiya ya shiga garke, fari ya biyo baya ya kwashe ragowar. Ya taɓa gaya mini cewa yayyensa da suka raba nasu gida biyu, suka tura rabi wani daji, sun tsira da wani abu. Shi kuwa ya riƙe nasa wuri ɗaya.

Haka ya shigo gari da matarsa Mairam, suka kama ɗaki a wani gidan haya da ke bayan gidana a unguwar Bolewa. Ɗakunan ƙanana ne, rufin kwano ƙasa-ƙasa yadda hannu ke taɓawa, taga ɗaya kamar faifai. Yawancin mazauna gidan irin Hammawa ne, waɗanda daji ya koro. Da suka yi yawa sai mai gidan ya ƙara ɗakuna a tsakar gidan, har ya zama babu inda za a shimfiɗa wa yara tabarma a waje in bazara ta kama.

A nan aka haifi 'ya'yansa biyu, Munawwara da ƙanenta Mu'az. Munawwara ce 'yar fari, don haka uban ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "yarinyar nan". Amma na lura in ya dawo kasuwa da wani abu a aljihu, wajenta yake fara dubawa.

Maƙwabciyar ɗakinsu wata dattijuwa ce Babarbariya mai tuyar ƙosai, Ya Gumsu. Tsakaninta da Hammawa akwai wasan nan na Barebari da Fulani, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

Mu da muka manyanta mun daɗe da lura cewa garin yana canjawa. Zafi kan shigo da wuri, ya ƙi fita. Kowace shekara sai an ƙara wa guga igiya. Tsamiyoyin da muka sha inuwarsu muna yara duk sun shige murhu. Amma irin bazarar 1996 ban taɓa gani ba. Kwano kan ɗauki zafi tun hantsi, ɗaki ya zama kamar tanda, kuma a ciki yara ke kwana a cunkushe, numfashin wannan a fuskar wancan. A cikin haka sanƙarau ya shigo. Yaro zai ce kansa na ciwo da safe, kafin la'asar wuya ya sandare. Makarar masallacinmu ba ta huta ba.

Ranar da aka fitar da gawar yaro na biyu daga gidan hayar, ina zaune a ƙofa na ga Hammawa ya fito riƙe da hannun Munawwara, da ɗan ƙullin kaya a kanta. Ya Gumsu ta ɗago daga kaskonta.

"Kai bawana, ina za ka da 'yar mutane?"

"Tun yaushe Babarbariya ta mallaki Bafulatani?"

"Tun kafin kakanka ya koyi tatsa. Na ce ina za ka kai ta?"

"Wajen goggonta, a ruga can bayan Fika. Ɗaya can, ɗaya nan."

"Ɗaya can, ɗaya nan! Karsana ce ita? Kai fa har yau a garke kake kwana."

"In ciwo ya shiga, ba a barin su wuri ɗaya, Ya Gumsu. Na taɓa bari."

"To can ɗin akwai asibiti?"

"Can akwai iska," in ji shi. "Nan ko numfashi sai an yi layi."

Ya Gumsu ta naɗe ƙosai a takarda ta miƙa wa yarinyar. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta ci ba. Tana ta runtse ido kamar hasken rana ya yi mata yawa. Muka ce kukan rabuwa da uwa ne.

Bai daɗe da dawowa ba Mu'az ya kwanta. Hammawa yana kasuwa. Ya Gumsu ce ta leƙa ta ga kan yaron ya karkata baya, ta tsayar da wani mai tura ruwa, ta sa ya sauke jarkokinsa, aka ɗora yaron a kurar ruwan sai asibiti. Na bi su a baya. Ɗakunan sun cika, marasa lafiya na kwance a gindin darbejiya, an rataye musu ledar ƙarin ruwa a rassa. Ma'aikatan kansu idanunsu sun faɗa. Aka yi wa Mu'az wata allura mai kauri. Allah ya sa yana da sauran kwana, zazzaɓin ya sauka, aka sallamo shi ya dawo gida, sai dai ba ƙarfi, ba ya ko son magana.

Sai unguwa ta ɗauki zancen Hammawa. A majalisa ana cewa da yaran biyu na ɗaki ɗaya, da yanzu wani labarin ake. Wasu ma suka fara shawarar tura nasu ƙauye. Ya Gumsu da kanta ta sauko. Ta ce, "Ashe ba nono kaɗai ne a kan Bafulatani ba." Ya yi murmushi, ya ce ta dai biya kuɗin koyo.

Ana nan sai masu allurar rigakafi suka sauka a ƙofar mai unguwa, aka ce ba za su daɗe ba. Hammawa ya same ni bayan sallar asuba.

"Baba Lawan, ko babur ɗin nan naka zai kai mu bayan Fika? Ina so in ɗauko yarinyar nan kafin masu allura su tashi."

Na ce zai kai mu. A tasha ya tsayar da ni ya sayi burodi.

Mun wuce Fika rana ta ɗaga, muka bar titi muka bi wata turba tsakanin duwatsu, har inda babur ba ya wucewa. Muka jingine shi muka taka. Yana gaba, yana ba ni labarin yadda ƙanwarsa ke da yara biyu sa'o'in yarinyar, cewa ƙila ma ta ƙi biyo mu.

Da muka hau wani tudu sai ya tsaya. Na iso na tsaya kusa da shi.

Babu rugar. An kwashe bukkoki, sai zagayen inda suka zauna. Ga turakun maruƙa, ga kashin shanu ya bushe. Ba hayaƙi, ba kare. Can gefe, a gindin wata aduwa, tudun ƙasa uku ne a jere, an lulluɓe su da ƙaya. Babu wanda ya kai tsawon babban mutum.

Wani manomi da ke sharar gona a kusa ya hango mu, ya ƙaraso da gatarinsa a kafaɗa. Muka gaisa. Na tambaye shi mutanen nan.

"Ai sun tashi," ya ce. "Ka san su, in wuri ya ci musu rai ba sa ƙara kwana. Ko sallama ba su yi mana ba. Wata yarinya aka kawo musu daga gari. Washegari ta kwanta, wuya kamar itace. Mu nan ba mu taɓa ganin irinsa ba. Suka ɗauka iska ce, suka yi ta hayaƙi. Da abin ya fi ƙarfinsu suka ɗora ta a jaki, kafin su kai titi ta cika. Sai 'ya'yan matar gidan su biyu suka bi ta, don tabarma ɗaya suke kwana." Ya girgiza kai. "Wanda ya kawo yarinyar nan dai, Allah ya yafe masa."

Na so a ce na tsayar da shi tun farko.

Hammawa ya ce, "Wanne ne nata?"

Sai a lokacin manomin ya dube shi da kyau. Ya sauke gatarin. Ya nuna na farko, ya shiga salati.

Hammawa ya tafi ya durƙusa a wurin. Na ji ya kira sunanta sau ɗaya, a hankali, kamar mai gwada ko ya iya. Ni da manomin muka juya baya. Da ya taso ya tambaya ina ƙanwarsa ta nufa. Manomin ya ce ba wanda ya sani, kuma ba ta bar saƙo ba.

Muka koma inda muka jingine babur, muka kama hanyar gida.

Mun iso Bolewa ana shirin magariba. Ya Gumsu na ƙofa. Tun daga nesa ta fara, "To bawana, ina karsanar ta..." Ta dubi bayan babur. Ta dubi fuskata. Matsamin ƙosan ya faɗi a ƙasa, ba ta ɗauka ba.

Mairam ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Mu'az na zaune a tabarma a bakin ƙofa. Da ya ga uban ya miƙe yana tangaɗi, ya riƙe masa riga.

"Baffa, ina Adda?"

Hammawa ya durƙusa ya ce masa, "Adda ta rasu, Mu'az."

Yaron ya ci gaba da kallon bakinsa.

"Ina Adda?" Wannan karon da ƙarfi, fiye da yadda yaro ke yi wa uba magana.

Uban ya sake faɗa. Yaron ya sake tambaya.

Ya Gumsu ta zagaya ta bayansa, ta tafa hannu dab da kunnensa. Bai waiwaya ba. Ta sake tafawa. Duk muka tsaya muna kallon juna. Tun da aka sallamo shi muke cewa rashin ƙarfi ne ya sa ba ya amsa kira.

Ladan ya kira salla. Na kama hannun Hammawa na ce mu je. Muna fita yaron na bayanmu yana tambaya, kuma ba wanda ya san yadda za a gaya masa.