Ergash da Kunun Fulawa

A unguwarmu ta bayan kasuwa a Margilan, ba a yin biki sai Ergash aka, wato yaya Ergash, ya tsaya a kan kasko. Shekara talatin da takwas yana dafa osh, shinkafa da karas da kitsen rago, ta mutum ɗari uku a tashi ɗaya. Amma a gidansa ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba. Wannan aikin matarsa Holida ne. In an tsokane shi sai ya ce hannunsa bai san ƙaramar tukunya ba. Ashe gaskiya yake faɗa.

Da lokacin kaka ya shigo, ciwon ciki ya kwantar da Holida. Likita ya ce ban da mai, ban da suya. Kafin azahar sai ga Zulfiya maƙwabciyarsu da kwanon romo.

"Ergash aka, ga na yayata Holida opa. Kai kuma ka lashi cokali."

"Mai da abinki, ƙanwata. Gidan mai ciyar da unguwa za a kawo wa kwano?"

"To, Allah ya sa kar ka dafa mata na mutum ɗari uku."

Ya rufe ƙofa ya ɗaura zanen aiki. Romon farko, gishirin biki ya watsa masa, ko kyanwa ta ƙi. Na biyu ya cika bokiti. A rana ta uku Holida ta kira shi.

"Baban yara, atala nake so. Fulawa da ruwa kawai, ka dama."

"Kunun masu jego? Uwar yara, ki bari in yi miki abin da zai tashe ki."

Ya koma ga abin da ya iya. Osh ya yi mata, wai ya rage kitse. Ta ci cokali biyu, ta ce ya yi daɗi, ta juya wa bango fuska. Shi kuwa yabon kaɗai ya ji. Haka aka yi ta yi, yana fita shagon shayi yana ba da labarin yadda yake jinya, mu muna gyaɗa kai. Matan unguwa sun daina aiko kwano, don ba mai son a mayar mata da nata a bakin ƙofa.

Sati uku a haka. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar da ita zaune a ƙasan madafa, ta jingina da bango, kwanon fulawa a cinyarta. Ta iya rarrafowa, tashi tsaye ne ya gagara.

"Me ya fito da ke?"

"Yunwa, baban yara."

Ya karɓi kwanon, ya kunna wuta. Tana daga ƙasa tana faɗa masa: rage wuta, zuba kaɗan kaɗan, kar ka daina juyawa, ba kasko ba ne, malam. Kunun ya fito duk gudaji. Ta shanye tas, har da kankare gindin tukunya. Ergash ya tsaya yana kallon wuyan hannunta, sai ranar ya lura awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu.

Washegari 'yarsu Nodira ta iso daga Fargana, don Zulfiya ta buga mata waya. Ta dubi uwar, ta dubi uban, ta shiga haɗa kayan uwar don ta tafi da ita. Bai hana ba. Holida ba ta dawo gidan ba, a can ta rasu tsakiyar hunturu.

Har yau yana dafa na biki, kuma hannun na nan. Kwanan baya wani baƙo ya cika baki da shinkafa ya ce, "Usta, gwanin kasko, iyalinka sun more."

Ergash ya ci gaba da juya kasko. Can ya ce, "Sati uku ta yi tana jin yunwa a gidana."

Mu masu tsokana ma ranar kowa ya duƙufa kan kwanonsa.