Malam Ɗanliti na Agege da Wasiƙar Dakar

Haihuwa

An haifi Malam Ɗanliti ranar wata Litinin a shekarar 1951, a garin Maigatari da ke bakin iyakar Nijar. Mahaifinsa shi ne Malam Iliyasu, dillalin dabbobi, mahaifiyarsa kuwa Mariamu. An raɗa masa suna Muhammad Sani, wanda shi ne sunan kakansa na wajen uwa, saboda haka alkunya ta hana iyayen ambatonsa, suka riƙa kiransa da sunan ranar haihuwarsa, kowa ma ya bi su.

Karatu

Bayan ya fara karatun Alƙur'ani a gida, an kai shi firamare a Gumel a 1959, inda malamai suka rubuta shi Muhammad Sani Gumel, bisa al'adar makarantun lokacin ta laƙaba wa ɗalibi sunan gari. Ya gama a 1965. Faransanci kuwa a kasuwar Maigatari ya tsince shi a bakin fatake.

Zuwa Ikko da Aure

A shekarar 1974 ya rako shanu Ikko ya zauna a Agege, inda ya koyi Yarbanci ya zama mai yi wa fatake tafinta. Ya auri Kalsum a 1977, aka haifa musu ɗan fari, Isah, a 1979. Shi wannan Isah ya bar sakandare yana aji biyu, ya yi yaron motar haya ta danfo, ya yi acaɓa da ake kira okada, ya yi dako a kasuwar Idumota, bai daɗe a ko ɗaya ba.

Hidimar Baƙi

Aikin da aka san marigayin da shi ya faro ne a 1983, lokacin da aka kori baƙi marasa takardu daga ƙasar. Daga nan ya ɗora wa kansa bin 'yan ci-rani da mutanen Nijar duk inda aka tsare su, ya yi musu tafinta, ya tsaya musu beli, ya aika wa danginsu labari. Ba shi da ofis, ba shi da lauya. Kalsum takan ce ita da 'yan sandan Apapa ba a san wanda ya fi ganin fuskarsa ba.

Gurbin Horo

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, ƙungiyoyi sun fara neman masu kare haƙƙin baƙi domin su tallafa musu. A ƙarshen 2000, Magdalina Chuwang, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato wadda ke duba masa marasa lafiya kyauta, ta kawo masa takardar neman wani gurbi: horo na wata shida a Dakar, sannan ofis da lauya na shekara guda idan ya dawo. Ya ƙi da farko, yana cewa ya tsufa da zaman benci, sai da ta tuna masa mutanen da suka yi watanni a tsare don rashin lauya. Ta cike takardar da sunan da ke kan shaidar makarantarsa, ta sa adireshin masallacin unguwa, domin nan ne wasiƙun mutanen unguwar ke sauka. Daga nan ta tafi Jos jinyar mahaifinta.

A watan Fabrairu na 2001 amsa ta iso, alhali shi yana bakin iyakar Seme yana bin shari'ar wasu matasa bakwai 'yan Maraɗi. Ladan ya yi cigiyar mai sunan Juma'a uku a jere. A masallacin akwai mutanen da Malam Ɗanliti ya fito da su daga tsare da hannunsa, amma babu wanda ya san sunansa na yanka. A Juma'a ta uku aka miƙa ambulan ga Isah, a matsayin wanda ya ɗan taɓa boko. Ya karanta sunan da ƙarfi a gaban jama'a, ya ce babu mai wannan suna a Agege, ya rubuta a bayan ambulan cewa a mayar.

A watan Mayu Magdalina ta dawo ta bincika, aka shaida mata cewa Malam Ɗanliti aka zaɓa, an jira amsarsa kwana talatin, aka ba wani. Ta zo gidan ta faɗa a gaban iyalin. Isah ya bayyana abin da ya aikata. Mahaifinsa ya ce: “Ashe ka iya karatu. Suna ne ban taɓa gaya maka ba.” Ya sa takalminsa ya tafi kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, inda aka kama wani makiyayi. Bai sake tayar da maganar ba, ya kuma hana ladan sanar da jama'a.

Rasuwa

Ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai, hawan jini yana damunsa. Uku daga matasan Maraɗi suna tsare har lokacin da ya kwanta ciwo. Allah ya yi masa rasuwa a watan Agusta na 2002, yana da shekara hamsin da ɗaya, aka yi masa sutura a maƙabartar Hausawa ta Agege, mutanen Nijar da Kiristocin Filato da na Kudancin Kaduna suka raka gawarsa. Allah ya jiƙansa. Ya bar matarsa Kalsum da 'ya'ya uku: Bushra, da Mastura, da Isah, wanda ya mayar da wasiƙar, shi ne kuma ya rubuta wannan tarihi.