Ƙusar da Ke Bayan Allon Jirgin Delmar

Duk wanda ya san ƙaramin filin jirginmu na bayan gari, nan arewacin jihar Wisconsin, ya san Arlys Kvalheim. 'Yar ƙaramar mace ce, da ƙyar take kai kafaɗar mijinta Delmar, amma in ta yi magana har ƙarshen rumfunan jirage ana jin ta. Shekara talatin ta yi tana ɗinkin labule da rigunan kujeru a cikin gari, ta raini 'ya'ya uku, sannan ta taya Delmar ƙera jirgi mai kujera biyu a garejinsu. Ni Wendell, rumfata tana jikin tasu. Nawa jirgin shekara goma sha tara ke nan ina haɗa shi, har yau wutsiya ce kawai ta kammala, saboda haka ina da lokacin sa ido.

Jirgin alminiyam ƙusoshi ne ke riƙe da shi, kuma kowace ƙusa sai da mutum biyu. Ɗaya yana waje da bindigar iska yana bugawa, ɗaya yana ciki ya tokare ta da dunƙulen ƙarfe har bakinta ya baje. Na cikin shi ne mai shan wuya. Delmar da tumbinsa ba inda yake shiga, don haka Arlys ce ta rarrafa kowane lungu na jirgin nan, ƙusa dubu goma sha huɗu. Ba wanda ya kai ta iya hannu a filin. In ta duba aikinka ta ce "Uhm," to ka san Asabar ɗinka ta tafi wajen kwance aikin da sake shi.

Sai dai shekara goma sha ɗaya da fara tashin jirgin, ba a taɓa tashi da ita ba. Delmar ya ɗauki jikoki, ya ɗauki fasto, ya ɗauki mai kawo wasiƙu, ni kam ya ɗauke ni har na ƙoshi. Kujerar dama kuwa dominta ya yi ta, har ya ƙara mata tudu don ta riƙa hango waje. Abin yana cin ransa, kuma ba ya ɓoyewa. Shekarunsa saba'in da biyu, likitan da ke ba shi takardar tuƙi ya fara daɗewa yana nazari kafin ya sa hannu.

Wata Asabar muna cin fanke da kofi a rumfar ƙungiyarmu ta masu ƙera jirgi, ya sake roƙonta a gaban kowa.

Ta ce, "Tsoho, ni ba na shiga jirgin da agogunan awonsa suka kusa girme ni. Ka cire tarkacen nan, ka sa mini allon zamani mai nuna hadari da sauran jirage, da sabuwar rediyo. Sai mu yi magana."

Delmar bai ko gama fankensa ba, ya tashi ya ɗauko littafin kayan jirgi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ita ta zaɓi rediyon da kanta, da tef ɗin awonta na ɗinki a wuya, kuma ta zaɓi mafi tsawo a cikin littafin kayan. Na ce mata akwai gajera wadda za ta shiga ba tare da an taɓa komai ba.

Ta ce, "Wendell, ka gama wutsiyarka tukuna."

Da kayan suka iso, akwatin rediyon ya fi wurin tsawo da inci uku. A bayan allon da ke gaban matuƙi akwai wani bangon alminiyam, shi ke riƙe da murfin gilashin da ke rufe kan mutum. Dole a ɗaye rufin sama, a yanka taga a bangon, a zagaye bakin tagar da faci mai kauri don ƙarfin ya dawo. Delmar ya rubuta wa waɗanda suka zana jirgin, suka aiko da zanen yadda za a yi. Daga nan ya yi kwana uku yana zagaya jirgin da abin yanka a hannu, ya kasa. Na fahimce shi. Mutum bai cika iya huda abin da ya ƙera da hannunsa ba.

Arlys ta yanko kwalin biskit, ta fitar da siffar tagar kamar za ta ɗinka aljihu, ta zana a bangon, ta karɓe abin yankan. Minti ashirin ta gama. Maimakon ta fito, sai ta kwanta rigingine a ƙarƙashin allon, ƙafafu a kan kujera, ta miƙo hannu ta ce a ba ta injin huda da ƙaramin baki.

Delmar ya ce, "Me kuma za ki huda? Ai ba mu zo kan facin ba."

"Ba ni dai."

Muka ji ɗan ƙara, sannan shiru. Ta fito gashinta duk garin alminiyam, ta kama hannun Delmar, ta ajiye masa wani abu a tafi. Ƙusa ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, gindinta ya karkace gefe.

Ta ce, "Tawa ce. Ranar mun yi faɗa, sanyi ya kashe mini yatsu, ƙarfen ya zame. Ka tambaya ko ta yi, na ce ta yi. Kashegari ka rufe wurin, hannu ba ya sake kaiwa."

Ban taɓa ganin Arlys ta sunkuyar da kai ba sai ranar.

Ta ci gaba, "Na san ƙusa ɗaya ba ta kayar da jirgi. Amma in zauna tana gaban gwiwata, kana can sama kana yabon aikina? Ba zan iya ba."

Delmar ya jujjuya ƙusar da yatsa. Ya ce, "Ai na ji ta."

"Ka ji me?"

"Ƙararta. Mai kyau amonta daban, ke ma kin sani. Ranar da mai duba jirgi ya zo na nuna masa da ɗan madubi. Ya ce a cikin dubu goma sha huɗu ɗaya ce ta karkace? Ya yi dariya ya sa hannu."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ke ake cewa aikinki ya karkace? Ina son in ci gaba da cin abinci a gidan nan." Ya share hancinsa da bayan hannu. "Ni na ɗauka saman kike tsoro."

Gaskiya haushinsu ya kama ni, su biyun. Shekara goma sha ɗaya kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa a kan abin da bai kai a ɗauka daga ƙasa ba. Na faɗa musu haka, da ƙarfi ma. Ba wanda ya kalle ni. Arlys ta ɗauki dunƙulen ƙarfenta ta koma ƙarƙashin allon, ta ce masa ya kawo sabuwar ƙusa, kuma ya buga a hankali.

Facin ya ci su mako biyu, haɗa wayoyin lantarki ya ci wata guda. Doka ta ce bayan babban canji irin wannan sai matuƙi ya yi awa biyar shi kaɗai kafin ya ɗauki kowa. Delmar ya cinye su a kwana biyu, abincin rana ma a tsaye ya ci.

Ranar Laraba da hantsi Arlys ta zo da jakarta da rigar sanyi. Ta hau fiffike ba tare da an kama ta ba, ta zauna, ta ɗaure bel. Delmar ya kunna sabon allon, launuka suka cika shi, ya fara yi mata bayani.

Ta ce, "Ban zo kallon talabijin ba, tsoho. Tashi mu tafi."

Sun ce minti ashirin za su yi. Awa ɗaya da rabi na yi ina kallon sama, har na fara tunanin kiran wani. Da suka sauka Delmar ya buɗe murfin, fuskarsa jage-jage da hawaye. Na matsa na tambaye ta yaya. Ko bel ɗin ba ta kwance ba, ta juya ta tambayi Delmar ko akwai sauran mai.